Shekarar da Aka Tura Mazanmu Aikin Korona

Jawabin da wakiliyar matan ma'aikatan lafiya ta karanta a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

Uwar ƙungiya, Hajiya Shugaba, Inna Ma'aji, Sakatariya, iyayenmu mata, yayye da ƙanne da suka taso daga Faskari da Sabuwa tun da sassafe, mutanen Ƙanƙara masu masaukin baƙi, da mazajenmu da ke can waje a rumfa suna jinmu ta lasifika, sannunku da zuwa. Allah ya mai da kowa ɗakinsa lafiya, don mun san irin hanyar da wasunku suka biyo.

Ku yi haƙuri in kun ji karatun yana tafiya yana tsayawa. Mai riƙe da takardar nan 'yar kasuwa ce, hatsi take aunawa, kuma sai da ta aurar da 'yarta ta fari sannan ta zauna a benci ta koyi baƙi da wasali a ajin yaƙi da jahilci. Maganar ma ba tata ba ce ita kaɗai. Mu bakwai ne muka zauna dare uku, kowa ta faɗi nata, aka rubuta. Don haka duk inda kuka ji mun ce "mu", matan nan bakwai muke nufi, waɗanda aka ɗauki mazansu aikin korona a 2020. Akwai matar nas, akwai matan malaman asibiti biyu, da matar mai gwajin jini, da matar direban motar asibiti, da matar mai shara da wanki a asibiti, da matar ɗaya daga cikin masu bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da mai cutar. A ƙarshen maganar muna da roƙo guda ɗaya, shi ya kawo mu gabanku.

Bari mu tuna muku yadda abin ya faro. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka ce an samu mutum na farko da cutar a Legas, wani ɗan Italiya. A rediyo muka ji, muka ce Legas ina, mu ina. A farkon Afrilu sai ga labari cewa wani likita ya rasu a Daura, kuma gwaji ya nuna ita ce. Shi ne na farko a Jihar Katsina. Mutanen gari sun ji an ce Daura, mu kuwa kalmar likita ce ta tsaya mana a rai, don mun san inda mazanmu suke wuni. Gwamna Masari ya sa aka rufe Daura, daga baya Dutsin-Ma da birnin Katsina. Ranar 17 ga Afrilu Abba Kyari ya rasu. Kano kuma ana ta jana'izar dattawa. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, makarantu a rufe, yara duk suna gida.

A cikin kwanakin nan aka fara kiran mazanmu, ɗaya bayan ɗaya. Wasu aka kai su wurin killace masu cutar a birni, wasu aka sa su cikin masu zagaya garuruwa suna ɗaukar samfuri a hanci. Babu wanda aka ce masa ga ranar dawowa. Ɗaya daga cikinmu tana tankaɗe waya ta shigo, kafin ta gama tuwon dare maigida ya ɗaure jaka. Ta ce, "Malam, ba za ka ce ba ka da lafiya ba?" Ya ce, "In kowa ya ce haka, wa zai tsaya a kan marasa lafiyar?" Ta ce mana wallahi ta ji haushin amsar nan, don ba ta da abin da za ta mayar masa.

Mu a wannan yanki tsoro ba baƙonmu ba ne. Mun kwana da takalmi a ƙafa saboda 'yan bindiga. A watan Yunin shekarar nan ne aka afka wa Kadisau a Faskari, kuma daren Juma'a 11 ga Disamba aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar kimiyya ta nan Ƙanƙara. Amma tsoron 'yan bindiga, duk gari ake yinsa tare, maƙwabciya ta ruga ɗakinki, ke ma ki ruga nata. Na korona kuwa, maƙwabciyar da kanta take gudunki. Abin da ya fi ci mana rai ke nan, kuma a kansa za mu fi tsayawa.

Wahalar farko dai a cikin gida take. Maigida ya tafi ya bar katin banki a ƙarƙashin filo, ya faɗi lambar sirri sau ɗaya yana sa takalmi. Huɗu daga cikinmu ba su taɓa riƙe katin nan ba. Wata ta ba ƙanin miji ya je wurin mai POS, ya dawo da kuɗi, har yau ba ta san nawa aka cire ba. Alawus ɗin da aka ce za a ƙara musu na haɗarin aiki kuwa bai zo lokacin da tukunya take jiransa ba. Kuɗin mota ya tashi saboda an hana zirga-zirga tsakanin jihohi, 'yan sari na nesa suka daina zuwa, ga azumi, ga yara suna ci sau uku don ba makaranta.

Sai maganar izini. Yaro ya kwana da zazzaɓi, wayar uban a kashe, don in ya sa rigar nan mai rufe mutum tun daga kai har ƙafa ba ya taɓa waya sai ya cire ta. Uwar miji ta ce kar a kai shi asibiti, can cutar take, za a ce korona ce a riƙe shi. Ke kuma kina ganin yaro yana ƙara laushi. Ɗayarmu ta yi kwana biyu tana jiran a ce mata je ki. Allah ya taimaka zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi masa allura ya tashi. Da maigidan ya ji, faɗa ya yi, ya ce me take jira. Ta ce, "Kai nake jira, ai ba ka bar mini magana ba." Mazajenmu da ke rumfa, wannan taku ce, ku riƙe ta.

Wahala ta biyu a kasuwa take da bakin ƙofa. Kun san abin da ake faɗa a lokacin. Wasu sun ce ba wata korona, ƙarya ce ta neman kuɗi. Wasu sun ce cutar manya ce, masu hawa jirgi. To mu sai muka zama a tsakiya. Mai cewa ƙarya ce ta zo rumfa ta ce, "Matar masu cin kuɗin korona, a rage mana tiya mana, ai ku kakarku ta yanke saƙa." Mai cewa gaskiya ce kuma ta tsaya daga nesa ta jefo kuɗi a kan buhu, ko ta wuce rumfar gaba. Yaranmu aka daina wasa da su. Wata yarinya 'yar shekara 8 ta dawo daga ɗiban ruwa tana kuka, an ce mata kar ta taɓa guga, babanta yana kwana da gawa.

Yanzu za mu ba ku labarin ƙanwarmu matar direba. Ta ce a faɗa, tana nan zaune a cikinku. Ana tsakiyar azumi mijinta ya fara tari da zazzaɓi, aka gwada shi, aka ce ya kamu. Bai iya magana sosai ba, sai ya rubuto mata saƙo a waya. A lokacin ba ta karatu. Ta kira wani yaron maƙwabta ya karanta mata. Saƙon yana cewa ya kamu, amma da sauƙi, ta kwantar da hankalinta, kar ta faɗa wa Inna tukuna. Kafin a sha ruwa duk unguwa ta ji, kuma Innar da aka ce kar a faɗa wa, a bakin masu zuwa jaje ta ji, wai ɗanta yana gargarar mutuwa.

Ƙosai take soyawa, kuma duk wadda ta taɓa sana'ar nan ta san ribar shekara a watan azumi take. Mijin nan ya yi sati uku rabonsa da gida, ko inuwarsa ba ta gani ba, ta ina za ta ɗauka? Amma washegari ta soya, ba wanda ya aiko. Ta sake soyawa, haka. Rana ta uku waken da ta jiƙa ya yi tsami ta zuba wa awaki. Da aka zo karɓar zubin adashi, aka ce ta ajiye kuɗin a ƙasa, aka sa tsinke aka tura shi cikin leda.

Ba za mu ɗora wa kowa laifin nan mu tsame kanmu ba. Mu shida da ya kamata mu fi kowa sanin ciwonta, kwana biyar ba wadda ta taka gidanta. Kowa tana cewa a ranta, ni ma ana nuna ni da baki, in aka gan ni a ƙofarta na gama yawo. Har akwai wadda ta riƙa ce wa mutane mijinta Funtuwa aka mai da shi aikin ofis, don kar a san inda yake. Mun nemi gafararta a ɗaki, yau muna sake nema a gaban jama'a.

Wadda ta fasa wannan shirun ita ce Inna Ma'aji. Inna, ki yi haƙuri, mun san ba kya son a faɗa. Tsohuwa ce, ita ce ma aka ce cutar ta fi yi wa irinsu illa. Ta ɗaura ƙyalle a hanci, ta tafi da la'asar sakaliya, lokacin da kowa ke waje, ta tsaya a ƙofar gidan ta yi sallama da ƙarfi. Ta ce, "'Yata, soya mini na dubu ɗaya, masallaci za a kai." Ta zauna a kan turmi daga ɗan nesa har aka gama suya, ta wanke hannu da sabulu a gaban mutane, ta ɗauki ɗaya ta ajiye a gefe ta ce wannan da shi za ta buɗe baki. Washegari yara uku suka zo da kwano. Kafin Salla layi ya dawo.

Daga ranar ne ƙungiya ta farka. Aka ɗage wa mu bakwai zubi na wata biyu ba tare da tara ba. Aka ba biyu daga cikinmu kwasarsu kafin lokacinsu ya zo, waɗanda ke gaba suka yafe layinsu. 'Yan uwa na Sabuwa suka aiko da masara, na Faskari suka haɗa kuɗin kati don kar waya ta yanke. Sakatariya ta riƙa kiranmu kowane dare bayan an sha ruwa, ba ta da wani magani, tambaya kawai take yi, "Kun ji daga gare shi? Yara sun ci?" Wanda bai kwana yana kallon waya ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. Mu mun san nauyinsa.

Mu ma muka koyi dabarun zama. Muka yi da mazanmu cewa kowane dare, ko ba za a yi magana ba, su yi mana filashin sau ɗaya, alamar an wuni lafiya. Muka daina sauraron kowane saƙon murya da ake turawa a WhatsApp, don wani ya ce tafarnuwa, wani ya ce an mutu ɗari a wuri kaza, kai ya yi ta juyawa. Muka tsaya a kan labaran rediyo na safe da na dare, da abin da mazanmu suka faɗa da bakinsu. Yara kuma muka daina yi musu ƙarya. Mun fara da cewa Baba ya yi tafiya, sai suka ji wani abu daban a waje, suka daina yarda da mu. Da muka zaunar da su muka ce Baba yana jinyar marasa lafiya, yana da rigar kariya, ku yi masa addu'a, sai suka samu abin faɗa in an tsokane su. Wani malami ya ba mu labarin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da ya kama hanyar Sham ya ji ana annoba, ya juya da jama'arsa. Wannan ya taimaka mana wurin iyayen miji masu ganin sa takunkumi da wanke hannu rashin tawakkali ne.

Dawowar ma da tata wahalar. An yi ƙaramar Salla ranar 24 ga Mayu, uku daga cikin mazanmu ba su zo ba. Waɗanda suka zo, a zaure suka tsaya. Bokiti da ruwan omo da bilic yana jiransu, su tuɓe kayan aiki a nan, su yi wanka kafin su taɓa kowa. Wasu sai da suka yi kwana 14 a ɗaki su kaɗai, ana ajiye musu abinci a bakin ƙofa, kwanonsu daban, butarsu daban. Ƙaramin yaro ya ga ubansa ya sheƙo da gudu, ke ce za ki cafke shi, yana ihu, uban yana kallo ta taga. Kuma mutumin da ya dawo ba shi ne wanda ya tafi ba sak. Wani ba ya barci. Wani abu kaɗan ya hau faɗa. Wani ya yi shiru, sai bayan wata da watanni ya fara ba da labarin dattijon da ya cika a hannunsa, ba ɗa ba jika a kusa. Mun koyi kar mu matsa da tambaya, kuma kar mu ɗauka da mu ake fushin. A gidan da ake da abokiyar zama, mun ga inda aka haɗa kai aka raba aiki, wata ta riƙe kasuwa wata ta riƙe yara, mun kuma ga inda aka tsaya lissafin kwanan wa aka ci. Gidan farko ya fi fita da sauƙi.

Alhamdu lillahi, direba ya warke, duka bakwai sun dawo da ransu. Akwai matan ma'aikatan lafiya a ƙasar nan da ba su samu haka ba, Allah ya jiƙan mazansu, ya raya abin da suka bari. Da allurar rigakafi ta iso Abuja ranar 2 ga Maris 2021, ma'aikatan lafiya aka fara yi wa. Mazanmu suka karɓa, aka ce za su mutu cikin shekara biyu, ga su can a rumfa suna jiran shinkafa.

Ita kuwa matar direba, ana buɗe makarantu ta yi rajista a ajin yaƙi da jahilci, ta ja uku daga cikinmu. Ta ce ba za a sake karanta mata sirrin mijinta a bakin titi ba. A watan Satumbar 2021, da aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13 har da namu uku saboda matsalar tsaro, mijinta yana wajen aikin amai da gudawa. Takarda ya riƙa aiko mata ta hannun direbobin tasha, ita ta karanta da kanta, ita ta rubuta amsa. Yanzu ita ke taya Inna Ma'aji riƙe littafin zubi.

To ga roƙonmu. A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama annobar gaggawa. Amma tun daga lokacin da aka fara ta mun ga amai da gudawa, mun ga mashaƙo ya kama yara a Kano da Katsina, sanƙarau kuma duk bazara sai an yi fargabarsa. Duk wadda ta ɓullo, mazan wasu daga cikinmu za a kira, yanzu ma har da 'ya'yanmu mata da suka gama makarantar koyon aikin jinya da ungozoma, su kuma mazansu ne za su zauna da yara. Abin da ƙungiya ta yi mana a 2020 alheri ne, amma sai da aka yi kwana biyar ana kallon juna, kuma da Inna Ma'aji ba ta tashi ba, ba mu san kwana nawa za a kai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna so a rubuta shi a cikin dokar ƙungiya, ya zama haƙƙi, kar mace ta jira sai an ji tausayinta.

Abu huɗu ne. Na ɗaya, a buɗe asusun ko-ta-kwana, kowace mamba ta riƙa sa naira 100 a kan zubinta na wata, kuɗin ya zauna daban, ba a ba da shi bashin sari. Na biyu, duk mambar da aka tura mijinta ko ita kanta aikin annoba, a ɗage mata zubi har ya dawo, ba tara. Na uku, a kowane gari cikin ukun nan a naɗa mata biyu da aikinsu shi ne su isa gidan a rana ta farko, ko da daga bakin ƙofa ne, su kuma ci gaba da sayen abin da take sayarwa a idon jama'a. Na huɗu, ƙungiya ta biya kuɗin littafi da fensir ga duk mambar da za ta shiga ajin yaƙi da jahilci, a kuma roƙi malamar ajin ta ƙara darasin karanta saƙon waya da cire kuɗi da kati. In Hajiya Shugaba ta yarda, a kawo matan sojoji da 'yan sanda da na jami'an tsaron al'umma cikin wannan tsari, don zaman jiran da suke yi irin namu ne, nasu ma ya fi tsawo.

Mun san naira 100 ba ƙaramin abu ba ne a yau, mun san kuɗin tiyar masara. Wadda take ganin ya yi yawa ta faɗa a tattauna, ko 50 ce a fara da ita. Abin da ba ma so shi ne a watse yau ba a ɗaga hannu a kai ba.

Ku kuma iyayen gida da ke waje, kafin ku ɗaure jaka ku zaunar da matanku. Ku nuna musu yadda ake cire kuɗi, ku faɗi wanda kuke bi da wanda yake binku, ku bar izinin kai yaro asibiti a gaban mahaifiyarku don kar a yi jayayya bayanku. Minti goma ya isa.

Inna Ma'aji, Allah ya saka miki da gidan Aljanna. Wadda muka ɓata wa a cikin maganar nan ta yafe mana. Allah ya kiyaye mu daga annoba, ya kawo mana zaman lafiya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ƙasa baki ɗaya, ya nuna mana taron baɗi da rai da lafiya. Takardar roƙon tana hannun Sakatariya.